Girin kad ya iso, sauran katunan nawa fa?

Assalamu alaikum Yaya. Ina zaune a Amurka, aure ne ya zaunar da ni, maigidana ɗan ƙasa ne. Makonni uku da suka wuce girin kad ɗina, wato katin izinin zama da aiki a ƙasar, ya iso ta gidan waya, na shekara 2. Murna ba ta gama sakina ba na lura da wasu abubuwa. Lasisin tuƙina zai mutu nan da wata huɗu, rana ɗaya da katin izinin aikin da nake amfani da shi a da. Katin soshiyal ɗina, mai lambar nan da ake aiki da biyan haraji da ita, har yanzu akwai rubutun nan a samansa, wai sai da izinin hukuma zan yi aiki. Sannan girin kad ɗin da sunan maigidana ya fito, sauran katunan kuwa duk sunan babana ne. Aikina kula da tsofaffi a gidajensu, mota ce ƙafata, ga shi a wurin aiki an turo min saƙo in kawo sabuwar takarda. Yayar maigidana ta fi shekara 20 a ƙasar nan. Ta ce in zauna lafiya, duk wanda ya kai kansa ofishin gwamnati a wannan zamani ya tsokano tsuliyar dodo, kuma ai kwamfutocinsu a haɗe suke, za su gyara da kansu. Maigidana ba ya son ya saɓa mata. Ni kuma barci ya ƙaurace min. Ya zan yi?

Ƙanwarki mai neman mafita

Wa alaikumus salam ƙanwata. Barka da arziki tukuna, Allah Ya sanya albarka a zaman. Wanda bai taɓa leƙa akwatin wasiƙa safe da yamma kamar mai neman jinjirin watan Sallah ba, ba zai san nauyin da kika sauke ba.

Yayar maigidanki ba mugunta take yi miki ba. Wanda ya shekara 20 a ƙasar wasu ya ga abubuwa, kuma yawancin tsoron da manyanmu suke da shi sun saye shi ne da tsada. Sai dai a wannan karon shawararta za ta kai ki ta baro.

Mu fara da maganar kwamfuta. Amurka ba ta da katin shaidar ɗan ƙasa guda ɗaya da kowa yake riƙewa. Katunanki uku, iyayensu uku ne, kuma ba gida ɗaya suke kwana ba. Girin kad daga hukumar shige da fice ta USCIS ya fito. Katin soshiyal na hukumar Soshiyal Sikiyuriti ne, ita ma ta tarayya ce amma cin gashin kanta take yi. Lasisi kuwa na jiha ne, shi ya sa ko sunan ofishin ya bambanta: a wurare da yawa DMV ake ce masa, a Ohayo da Indiyana BMV, a Merilan MVA. Gaskiya ne akwai wani rumbun bayanai mai suna SAVE da waɗannan ofisoshi suke tambaya don tabbatar da matsayin baƙo. Amma rijiya ce, ruwa yana nan, sai an zura guga. Sai kin tsaya a gabansu da takardarki ma'aikaci zai tambayi SAVE. In ba ki je ba, a littafin jiharki ke har gobe baƙuwa ce mai jiran amsa, ranar da aka rubuta a lasisin kuma ba za ta matsa ba.

Abu ɗaya ne ya yi kama da abin da ta faɗa. A shekarar 2021 an ƙara wa fom ɗin neman girin kad, I-485, wani gurbi inda ake tambayar ko kina son a sanar da Soshiyal Sikiyuriti su aiko miki da sabon kati. Ki duba kwafin fom ɗinki ki ga me kuka cika. Ko da kun ce e, makonni uku sun wuce shiru, ni ba zan ci gaba da jira ba, balle ga batun suna a tsakiya.

Batun dodo kuwa, ki tambayi kanki me kika ɓoye musu. Hoton yatsunki suna da shi, hoton fuskarki suna da shi, adireshinki su suka aiko kati cikinsa. Inda haɗarin yake shi ne ranar da ɗan sanda zai tsayar da ke a hanyar gidan wata tsohuwa saboda fitilar baya ta mutu, ya karɓi lasisi ya ga ya ƙare wata biyu da suka wuce. Nan ne tara take, nan ne kamfanin inshora zai samu bakin magana in an yi haɗari, nan ne aikin ma zai iya suɓucewa. Togiya ɗaya zan yi miki: in an taɓa kama ki da wani laifi, ko kin san akwai wata tsohuwar takarda da aka cika miki da wata ranar haihuwa ko wani bayani da ba haka yake ba, to ki ga lauyan shige da fice kafin ki taka ko'ina. Lauya na gaske nake nufi, mai lasisi, ba irin mai shagon nan da yake cika wa mutane takardun haraji yana haɗawa da fatawar shige da fice ba. In babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, ki ɗaura gyalenki.

Kafin ki fita, ki zauna inda haske yake ki karanta girin kad ɗin harafi bayan harafi. Sunanki, ranar haihuwa, ranar da zaman ya fara, ranar da zai ƙare. Ranar haihuwa tana yi wa mutanenmu ƙafar ungulu, domin a Amurka wata ake fara rubutawa kafin rana. 03/07 a wurinsu 7 ga Maris ne, mu kuwa da muka saba da rana a gaba sai mu karanta 3 ga Yuli mu ce daidai ne. In kin ga kuskure kuma daga wajensu ya fito, fom I-90 ake cikawa, ba a biyan ko sisi, amma za su nemi ki mayar musu da katin. Gara a gano yanzu kafin kuskuren ya haihu a sauran katunan.

Yanzu suna. Wannan shi ne ya fi cin mutanenmu, don mu a gida suna abu ne mai numfashi. Mace ɗaya ce A'isha a wurin babanta, Aishatu a takardar makaranta, Aishat a fasfo, kowa ya san ita ce. Kwamfuta ba ta da wannan kawaicin. Harafi ɗaya ya bambanta, ko ɗan waƙafin nan na sama ya faɗi a wani kati ya tsaya a wani, sai ta ce ba ta san ki ba, a ce ki koma gida ki jira a bincika da hannu. Saboda haka ki ɗauki rubutun da ke kan girin kad a matsayin liman, sauran katuna su bi shi sahu.

Ba ki faɗa min ko da son ranki aka sa sunan maigidanki ba. Dokar Amurka ba ta tilasta wa mace ɗaukar sunan miji, kuma mu da muka tashi muka ga iyayenmu mata suna amsa sunan ubanninsu har ƙarshen rayuwa, ba abin kunya ba ne in zuciyarki tana can. Amma in ku kuka rubuta sunansa a fom, to ba kuskuren hukuma ba ne, sauya shi yanzu zai ci kuɗi da lokaci. Ni da ni ce, zan bi katin a yadda yake, in bar maganar zuwa ranar neman zama 'yar ƙasa, domin a lokacin ana iya sauya suna in a gaban alƙali aka yi rantsuwar. Gadar da za ta haɗa sunan babanki da na maigidanki ita ce takardar aurenku ta hukuma, mai hatimi. Ita za ta yi ta rakiyarki ofis bayan ofis, don haka ki nemi kwafi biyu masu hatimi daga inda aka yi rajistar auren. Fasfonki na gida ya zauna da sunan babanki babu laifi. Ranar tafiya gida ki yanki tikiti da sunan da ke fasfo, ki sa takardar auren a jaka.

Ofishin farko shi ne Soshiyal Sikiyuriti, kuma jerin nan ba son raina ba ne. Ofishin lasisi yana gwada sunanki da lambarki da abin da ke rumbun soshiyal, in kin fara da su za su koro ki. Ki nemi a ba ki rana kafin ki je, yanzu yawanci haka suke so. Fom ɗin SS-5 ne, kyauta ne, kada wani shafin intanet ya karɓi kuɗinki a kansa. Ki tafi da girin kad, fasfo da takardar aure, duka na asali. Ba sa karɓar hoton takarda, ko da an buga masa tambarin mai shaida sa hannu. In Turancin ofis yana yi miki sauri, kina da damar neman tafinta, su za su samo, ba ke za ki biya ba. Lambarki ba za ta sauya ba, ita ce taki har abada. Abin da zai sauya shi ne suna, da rubutun nan na sama da zai ɓace. Akwai ƙa'idar cewa sau 3 kawai ake sake wa mutum kati a shekara, sau 10 a rayuwa, amma sauyin suna da cire wannan rubutu ba sa shiga lissafin. In komai ya tafi daidai, katin kan zo ta gidan waya cikin kamar mako biyu. Ki karɓi rasit ɗin da za su ba ki ki adana.

Kada ki raina wannan mataki. Albashin da kike samu da sunanki da lambarki ake rubuta shi, shi ne yake taruwa ya zama maki 40 da ake buƙata, kimanin aikin shekara 10, kafin mutum ya cancanci kuɗin ritaya. Haka kuma in sunan da ke takardar harajinku ya saɓa da na soshiyal, kuɗin da ake mayar muku zai iya maƙalewa.

Bayan kwana biyu ko uku, sai ofishin lasisi. Ba sai kin jira wata huɗun sun cika ba. Dalilin da lasisinki yake mutuwa tare da katin aiki shi ne dokar REAL ID ta 2005: wanda zamansa na wucin gadi ne, ko yake jiran amsa, lasisinsa ma na wucin gadi ake ba shi. Ke yanzu kin fita daga wannan rukuni. Ki buɗe shafin ofishin jiharki ki ga abin da suke nema, don kowace jiha da nata tsarin da nata farashin, amma galibi ba ya wuce girin kad, shaidar lambar soshiyal, takardar aure, da takardu biyu masu nuna adireshinki, kamar takardar haya, ta banki ko ta kuɗin wuta. Nan matan aure suke tuntuɓe, sai a duba a ga duk takardun gida da sunan maigida suke. Ki tabbatar biyu suna ɗauke da naki sunan. Ki nemi lasisi mai tauraro a kusurwa, domin tun 7 ga Mayun 2025 lasisi marar cika ƙa'idar nan ba ya wadatarwa a filin jirgi ko a tafiyar cikin gida, ko da yake girin kad ko fasfo suna tsaya miki. In suka ba ki wanda zai ƙare tare da katinki na shekara 2, kada ki yi musu, wasu jihohin haka suke yi. In kuma aka ce SAVE ba ta tabbatar da ke nan take ba, ba kora ba ce, bincike na biyu ne, ki karɓi takardar da ke nuna kin zo.

To ƙanwata, ki gyara zama, ga dodon gaskiya, kuma ba shi yayar maigidanki ta nuna miki ba.

Tun 1993 doka ta sa ofisoshin lasisi su riƙa yi wa mutane tayin rajistar zaɓe. Wasu jihohin ma sun mayar da abin kusan kai tsaye, sai ka ce ba ka so. Na taɓa raka wata baiwar Allah wani ofishin lasisi. Layi ya yi tsawo, yaronta yana jan zanenta, ma'aikaciyar ta juyo mata da wani ɗan allo mai alƙalamin roba ɗaure da igiya, tambayoyi suna fitowa ɗaya bayan ɗaya. Adireshinki daidai ne? Ta danna e. Kina son bayar da sassan jikinki bayan mutuwa? Ta kalle ni, ta danna a'a. Sai ga ta gaba, hannunta ya riga ya saba, alƙalamin ya nufi e. Na riƙe wuyan hannunta. Tambayar ita ce ko ita 'yar ƙasar Amurka ce, ta bayanta kuma ko tana son rajistar zaɓe. Ta ce min, "Yaya, ai na samu takarda." A kanta, girin kad da zama 'yar ƙasa abu ɗaya ne, kuma ba ita kaɗai ba ce, mu da bakinmu muke cewa wane ya zama ɗan Amurka ranar da katinsa ya zo.

Ba ɗaya ba ne. Ke mazauniya ce, ba 'yar ƙasa ba. Tun 1996 dokar shige da fice ta ɗauki iƙirarin zama ɗan ƙasa na ƙarya a matsayin laifin da zai iya sa a kori mutum, a kuma rufe masa ƙofa har abada, kuma afuwa a kansa ƙanƙanuwa ce ƙwarai. Jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya ga wanda ba ɗan ƙasa ba laifi ne na daban. Abin takaicin, ba a ranar ake ganin illar ba. Sai shekaru sun wuce kin zo neman zama 'yar ƙasa, fom N-400 ya tambaye ki ko kin taɓa cewa ke 'yar ƙasa ce, ko kin taɓa rajistar zaɓe, ga shi kuma sunanki yana kwance a rajistar gundumarku. Rashin sani ya fi dare duhu. Don haka duk abin da aka miƙo miki, a allo ne ko a takarda, ki karanta da kanki, layin bayanki ya jira. Ki faɗa wa ma'aikacin da bakinki cewa ke ba 'yar ƙasa ba ce kuma ba kya son rajista. In duk da haka wata rana katin zaɓe ya faɗo akwatinki, kada ki yi zaɓe, kada ki jefar da shi, ki kai wa lauya. Haka in kotu ta aiko ki zo zaman masu taya alƙali yanke hukunci, domin daga jerin masu lasisi suke ɗibar sunaye: kada ki yi shiru, ki amsa musu cewa ke ba 'yar ƙasa ba ce, za su cire ki.

Wurin aiki shi ne mai sauƙi, kuma ba sai kin jira sauran ba. Abin da suke so shi ne su sabunta fom I-9, wanda ke tabbatar da kina da izinin aiki, tunda katin aikinki zai ƙare. Ki kai musu girin kad gobe, shi kaɗai ya isa. Doka ta bar miki zaɓin takardar da za ki nuna daga cikin waɗanda aka amince da su, kuma da zarar sun rubuta girin kad, bai kamata su sake nemanki ba don ranar da ke jikinsa ta zo. Sauyin suna a takardar albashi ne kawai za ki jinkirta har soshiyal su gama nasu.

Sauran 'yan ƙananan abubuwa ne masu cizo. Doka ta ce mazauni mai shekara 18 zuwa sama ya riƙa yawo da girin kad ɗinsa, don haka ki ɗauki hotonsa gaba da baya ki ajiye a gida, domin in ya ɓata sabo ya haura dala 400. Katin soshiyal kuwa akasin haka, a gida yake zama. In kuka tashi daga gidan da kuke, kwana 10 gare ki ki sanar da USCIS da fom AR-11, sanar da gidan waya kaɗai bai wadatar ba. Kuma tun yau ki sa wa wayarki ƙararrawa: a cikin kwana 90 na ƙarshe kafin katin nan na shekara 2 ya mutu ne ke da maigidanki za ku shigar da fom I-751 don a cire sharaɗin da ya sa katin ya zama na shekara 2 kawai. Rasit ɗin da za a ba ku yana tsawaita katin da wata 48, shi za ki haɗa da tsohon katin in lasisi ya sake neman sabuntawa. Lasisi mai adireshi ɗaya da na maigidanki, da asusun banki na haɗin gwiwa, suna cikin shaidun da za a so gani a lokacin, kin ga ashe zuwa ofishin nan ma gina auren yake yi a idon hukuma.

Maganar gida kuma, kada ki mayar da ita gasar waye ya fi sani. Maigidanki ba ƙin ki yake yi ba, kunyar yayarsa yake ji, kuma ba za ki so mijin da ba ya jin kunyar yayarsa ba. Ki bari ya ci abinci ya huta, ki ajiye masa lasisin da saƙon wurin aikin a gabansa, ki nuna masa ranar da yatsa. Ki ce masa, "In wannan rana ta zo ban sabunta ba, ko dai in ajiye aiki ko kai ka riƙa kai ni kana ɗauko ni." Maza suna gane lissafi in ya taɓo lokacinsu. Ita kuma Anti, yayar tasa, ki kira ta ki gaishe ta, ki ce kin ji maganarta kin kuma yi tambaya, an ce wurin aiki ba za su bari ba sai da sabon kati. Sannan ki roƙe ta ta raka ki, tunda ta fi ki sanin gari. Babba in aka ba shi girmansa yakan manta da abin da ya hana. In ta yarda, ki ɗauki rana da sassafe a tsakiyar mako, layi ya fi sauƙi, ki zuba takardun a jaka ɗaya tun dare. In kun isa gaban allon nan, ita 'yar shekara 20 a ƙasa wataƙila ta daɗe da yin rantsuwa, amsarta e ce. Alƙalamin ya zauna a hannunki.